Ƙananan Majami'un Episkofal Na Haɗa Kai, Kuma Sun Yi Daidai

Bayan sujadar Lahadi muna zaune a inuwar dalbejiyar da ke harabar majami'a, sai wani ɗan'uwa ya karanto mana labari daga wayarsa. Dayosis uku (dayosis shi ne yankin da bishop ke kula da majami'unsa) na Cocin Episkofal a jihar Wiskonsin ta Amurka sun haɗe sun koma ɗaya, kuma ƙananan ikkilisiyoyi da dama a ƙasar sun koma amfani da firist ɗaya a tsakaninsu. Bai ma kai ƙarshe ba wani dattijo ya ce, "Ai sun ƙare. Mu muna ƙara dayosis, su suna ragewa." Aka yi dariya, aka shiga wata hirar.

Maganar ba ta yi mini daɗi ba, kuma ta tsaya mini a rai. Ra'ayina shi ne, haɗin kan da waɗannan ikkilisiyoyi suke yi daidai ne, kuma ya kamata su ƙara ƙaimi. Amma akwai sharaɗi. Haɗin kai mai amfani shi ne wanda ke raba hidima ga jama'ar ikkilisiya, a horar da su su riƙe ta. Idan ɗaukar firist ɗaya kawai aka yi aka ɗora masa majami'u huɗu don a rage kashe kuɗi, to ba a gyara komai ba, jinkirta rufe ƙofa aka yi.

Halin da suke ciki

Cocin Episkofal shi ne reshen Anglika na Amurka. A tsakiyar shekarun 1960 mabiyansa sun haura miliyan 3. A 2023 sun dawo kusan miliyan 1.5, kuma waɗanda ke zuwa sujada ranar Lahadi ba su wuce kimanin 410,000 ba, a ikkilisiyoyi sama da 6,000. Fiye da rabin waɗannan ikkilisiyoyi ba sa tara mutum 50 a Lahadi.

A can ɗaukar firist na cikakken lokaci ba ƙaramin nauyi ba ne. Bayan albashi da gida, ikkilisiya ce ke biyan inshorar lafiyarsa, sannan ta zuba kashi 18 cikin 100 na abin da yake samu a asusun fansho na cocin. Ga kuma tsohon gini da ke bukatar ɗumamawa duk tsawon hunturu, da rufin da ke yoyo. Mutum talatin, akasarinsu tsofaffi masu cin fansho, ba za su iya wannan ba komai yawan baikonsu. Zaɓi biyu ne a gabansu: su rufe, ko su nemi maƙwabta.

Da yawa sun zaɓi neman maƙwabta, kuma abin ya hau har sama. A 2024 babban taron cocin da aka yi a Louisville ya amince dayosis ɗin Milwaukee da Fond du Lac da Eau Claire su koma Dayosis ɗin Wiskonsin ƙarƙashin Bishop Matthew Gunter. Dama asalinsu ɗaya ne, daga baya aka yayyanka su a lokacin da jama'a ke ƙaruwa. A wannan taron dai aka amince Gabashin Mishigan da Yammacin Mishigan su zama ɗaya. Shi kansa Sean Rowe, wanda aka zaɓa shugaban bishop-bishop na cocin a wannan shekarar, ya shafe shekaru yana riƙe da dayosis biyu a lokaci guda, ɗaya a jihar Fensilbaniya ɗaya a yammacin jihar New York, da ma'aikatan ofis na tarayya.

"Ai sakayyar barin koyarwa ce"

Wannan ce magana ta farko da ɗan Anglika na Najeriya zai faɗa, kuma na san inda ta fito. Tun 2003, lokacin da aka naɗa Gene Robinson, wanda ke zaman tarayya da namiji ɗan'uwansa a fili, bishop a New Hampshire, Cocin Najeriya ƙarƙashin Akbishop Peter Akinola ya yanke zumunta da su. Saɓanin na gaske ne, kuma ba na neman kowa ya sauya matsayinsa a kai. Gaskiya ne kuma rikicin ya fitar da mutane da ikkilisiyoyi daga cocin, har wasu suka kafa nasu a 2009.

Sai dai raguwar ta fara kusan shekara arba'in kafin wannan rikici. Kuma ba ta tsaya a kansu ba. 'Yan ɗariƙar Southern Baptist ta ƙasar Amurka, waɗanda babu mai zarginsu da sassauci a koyarwa, sun kai sama da miliyan 16 a 2006, amma a 2023 sun sauko ƙasa da miliyan 13. Garin da ma'adinansa suka ƙare, masana'antarsa ta rufe, matasansa suka tafi birni, majami'arsa za ta bushe ko da wane irin wa'azi ake yi a cikinta.

Bayan haka, tambayar da ke gabanmu daban ce. A ce tsohuwa ce mai shekara tamanin a wani ƙauyen Wiskonsin, a wannan majami'a aka yi mata baftisma, a nan aka ɗaura aurenta, a bayanta aka binne mijinta. Ba ita ta zauna a taron da ya amince da naɗin nan na 2003 ba. Shin za ta ci gaba da samun Jibin Ubangiji a garinsu ko kuwa? Wannan ita ce tambayar da haɗin kai yake amsawa, kuma mai bi bai kamata ya ji daɗin amsar "a'a" ba.

Abin da aka yi a Arewacin Mishigan

Misalin da ya fi burge ni ba na haɗe dayosis ba ne. Na wani ƙaramin dayosis ne da ke can ƙuryar arewacin Mishigan, mai hedikwata a Marquette. Yanki ne mai faɗi, mai dazuzzuka da dusar ƙanƙara, mutanensa kusan 300,000 ne kacal, kuma arzikinsa na haƙar tagulla da ƙarfe ya daɗe da ja baya. Majami'un Episkofal a wurin 'yan ƙanana ne, nesa da juna.

Kafin shekarun 1980 abin da ke faruwa a irin wannan wuri sananne ne. Ikkilisiya ta yi fafutuka ta samo matashin firist da ya gama makaranta, ta biya shi abin da bai isa ba, ya yi 'yan shekaru ya samu wuri mafi tsoka ya tafi. Sai a zauna babu kowa, ana jiran wani. Jama'a suka saba da ganin kansu a matsayin masu jira, hidima kuwa aikin baƙo ne da ake haya.

A zamanin Bishop Thomas Ray, wanda ya hau kujera a 1982, suka juya lamarin. Ikkilisiya takan zauna ta yi addu'a ta dubi kanta: wane ne a cikinmu ke da baiwar wa'azi, wace ce ke ziyarar marasa lafiya tun ba a sa ta ba, wa ya iya koyar da yara, wa ya iya riƙe lissafi, wa jama'a suka yarda ya tsaya a bagade. Ba mutum ne ke tsayawa ya ce ni ina so ba, jama'a ne ke kiran sa. Waɗanda aka kira sai su shiga karatu tare na tsawon shekaru, a garinsu, suna ci gaba da sana'arsu. A ƙarshe bishop ya zo ya keɓe su a matsayin ƙungiya ɗaya, a cikinsu a naɗa firist da dikon waɗanda ba sa karɓar albashi. Su kuma firistocin da suka yi cikakken karatun tauhidi, ba a ajiye su a majami'a ɗaya. Ikkilisiyoyin yanki ne ke haɗa kuɗi su ɗauke su, aikinsu kuma zagayawa suna koyarwa, suna horarwa, suna sasanta rikici idan ya taso.

A nan ne haɗin kan yanki yake da ma'ana. Majami'a mai mutum ashirin ba za ta iya biyan malamin tauhidi ba, amma biyar za su iya. Ba za ta iya shirya taron matasa da yara uku ba, amma idan aka tattaro yaran garuruwa biyar an samu taro. Haka lissafin kuɗi, haka inshorar gini, haka rabon abinci ga mabukata.

Ba su kaɗai suka bi wannan hanya ba. A Nebada, Bishop Wesley Frensdorff ya fara irin wannan tun shekarun 1970, haka ma a ƙauyukan 'yan asalin Alaska inda jirgin sama ne kaɗai ke kai baƙo. Kuma ba sabon abu suka ƙirƙiro ba. Littafin Ayyukan Manzanni ya nuna Bulus da Barnaba suna naɗa dattawa a kowace ikkilisiya da suka kafa, daga cikin mutanen garin, su kuma su wuce gaba, suna dawowa ziyara ko su aiko da wasiƙa. Wasiƙar Afisawa ta ce an ba da fastoci da masu koyarwa ne domin su shirya tsarkaka su yi aikin hidima. Ba ta ce su yi aikin a madadinsu ba.

"Firist ɗaya, majami'u huɗu: wa zai kula da tumaki?"

Wannan ƙorafi yana da ƙarfi, kuma shi ya sa na kafa sharaɗi tun farko. Akwai wuraren da abin da ake kira hidimar tarayya ba komai ba ne illa gajiyar da mutum ɗaya. Ya yi sujada ƙarfe takwas a nan, ya ja mota ya yi ta goma a can, ya ƙarasa ta yamma a gari na uku, bai zauna ya sha shayi da kowa ba. Kowace majami'a tana da kwamitinta, kowane kwamiti yana son ya halarci zamansa, kowa na ganin an fi ba ɗayan lokaci. Idan aka yi rasuwa a gari biyu a mako ɗaya sai a fara ƙorafin wariya. Ƙarshenta firist ya gaji ya ajiye, majami'u huɗu su rasa a lokaci guda.

Laifin ba na haɗin kai ba ne. Laifin shi ne an haɗa albashi ba a raba aiki ba. Inda aka horar da masu ziyara a kowane gari, mara lafiya ba ya jiran mutumin da ke tafiyar awa guda a mota, maƙwabciyarsa ce ke zuwa ta yi masa addu'a ta kawo masa Jibi daga bagade. Dokokin cocinsu sun ba da dama a ba wa wanda ba firist ba lasisin yin wa'azi, da jagorantar sujada, da kai Jibi ga marasa lafiya. Kayan aikin suna nan. Abin da ke ƙaranci shi ne firistocin da za su yarda su saki, da jama'ar da za su yarda su karɓa.

"Ai ƙaramin ne za a haɗiye"

Tsoron da ya fi hana ƙananan ikkilisiyoyi matsowa kusa ke nan. Suna ganin da zarar an fara zancen tarayya, ƙarshensa a sayar da gininsu a ce su riƙa zuwa babban gari. Kuma ba za a ce tsoron banza ba ne, domin an rufe majami'u da yawa, an sayar da wasu.

Amma a duba yadda aikin gayya yake. Yau a gonar wannan, gobe a ta wancan, kowa ya zo da fartanyarsa, kuma idan an tashi babu wanda gonarsa ta koma ta wani. Tarayyar da ke ɗorewa haka take: kowace ikkilisiya ta riƙe sunanta da gininta da asusunta, a rubuta yarjejeniya a fili kan abin da za a haɗa, da kason da kowa zai biya, da yadda za a fita idan abin bai yi ba. Ikkilisiyar da ta shiga irin wannan tun tana da sauran ƙarfi tana da bakin magana. Wadda ta jira har asusunta ya ƙare, ita ce ake yanke wa hukunci ba ta wurin. Ƙin haɗa kai bai taɓa ceton ƙaramar majami'a daga rufewa ba, sai dai ya sa ta rufe ita kaɗai.

Kuma ƙofar fita tana aiki. Tarayyar nan ta Fensilbaniya da yammacin New York ba ta zama aure na har abada ba, a 2025 aka kawo ƙarshenta. Ban ɗauki wannan a matsayin hujjar cewa gwajin kuskure ne ba. Sun gwada, sun auna, suka yanke shawara da ƙuri'arsu.

Wani abin da ya taimaka wa 'yan Episkofal shi ne tarayya da wasu ɗariƙu. Tun 2001 akwai cikakkiyar zumunta tsakaninsu da babban cocin Lutheran na Amurka, ta yadda faston wannan zai iya hidima a majami'ar wancan. A ƙaramin gari mai majami'u biyu da ke fuskantar juna, kowacce rabin kujerunta babu kowa, wannan yarjejeniya ta sa ana iya ɗaukar fasto ɗaya.

Ilimin firistocin gida

Wasu na cewa wanda bai yi shekara uku a makarantar tauhidi ba, rabin firist ne, kuma za a wayi gari da koyarwa mara tushe. Hatsarin yana nan idan aka yi gaggawa. Maganinsa shi ne kada karatun ya tsaya ranar naɗi, kuma kada a janye malamin da ke zagayawa da sunan tsimi. Amma wanda ya san ikkilisiya ya san cewa digiri bai taɓa hana ɓataccen wa'azi ba, kuma malamin makarantar da ya yi ritaya, wanda ya san kowane gida a garin, yana da wani ilimin da baƙo zai daɗe bai samu ba.

Shin ya kawo ƙaruwa?

Bai kawo ba, a ƙalla ba a lissafi ba. Arewacin Mishigan ya ci gaba da raguwa kamar sauran, kuma duk wanda ya tallata hidimar tarayya a matsayin maganin raguwa ya yi alkawarin da ba zai cika ba. Haɗe dayosis uku ba ya kawo ko mutum ɗaya sabo cikin majami'a. Abin da yake yi shi ne ya rage ofisoshi da kwamitoci, ya bar kuɗi da lokacin da za a iya kai wa ga aikin bishara, idan an ga dama. Idan ba a kai ba, an yi gyaran takarda ne kawai.

Amma ni ma'aunina ba yawan kawuna kaɗai ba ne. Akwai garuruwan da lissafin kuɗi ya ce tuntuni ya kamata a ce babu majami'ar Episkofal a cikinsu, amma har yau ana buɗe ƙofa ranar Lahadi, ana yi wa jarirai baftisma, ana binne matattu da addu'a. Wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Mu fa?

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne, hanyar da Amurkawa suka gano da ƙyar, mu da ita muka tashi. Duk wanda ya girma a ƙauyen Arewa ya san katikis ko mai bishara ne ke riƙe da majami'a. Shi ke buga ƙarfen sujada da asuba, shi ke karanta addu'ar safe, shi ke koyar da masu shirin baftisma, kuma da damina yana gonarsa kamar kowa. Zumuntar Mata ce ke zuwa gidan mai jego da gidan makoki, da tulunsu da waƙoƙinsu, tun kafin labari ya kai ga wani babba. Rabaran yakan zo ne a kan babur lokaci-lokaci, ƙoƙon Jibi da gurasa a cikin jakarsa, ya yi baftismar da ta taru, ya ɗaura auren da ke jira, ya wuce ƙauye na gaba. A haka ikkilisiya ta yaɗu. Har a fannin karatu mun san tarayya: kwalejin tauhidi ta Bukuru, kusa da Jos, ɗariƙu daban-daban ne suka haɗu suka kafa ta, ta fara aiki a 1959, domin babu wadda za ta iya ita kaɗai.

A 1990, zamanin Akbishop Joseph Adetiloye, aka buɗe dayosis na bishara a Sakkwato da Katsina da Maiduguri da Bauchi da Yola da Kafanchan da Minna da sauransu. Wannan mataki ya dace da lokacinsa, ya kai bishop kusa da jama'ar da a da sai su yi dogon zango kafin su ga ɗaya. Yanzu Cocin Najeriya yana da dayosis sama da 160. Amma kowane sabon dayosis yana zuwa da gidan bishop da mota da ofis da taron shekara, kuma duk wannan daga baikon talakawa yake fitowa, ta hanyar kason da ake yanka wa ikkilisiyoyi. Mun kuma fara ɗaukar cewa ƙauyen da ba shi da nasa Rabaran bai cika majami'a ba, katikis kuwa matsayi ne na wanda bai samu ci gaba ba. Wannan tunani shi ne ainihin wanda ya bar ƙananan majami'un Amurka suna zaman jira.

Mu ma muna da majami'un da ke bushewa, ko da dalilin ya bambanta. Rashin tsaro ya tashi ƙauyuka a Borno da Kudancin Kaduna da Filato da Zamfara, matasa kuma suna kwarara birni. Akwai majami'ar birni mai sujada uku a Lahadi da firistoci da yawa a bagade, alhali ba da nisa ba akwai ta ƙauye da ke daɗewa ba ta ga Jibi ba, mai bisharar ta kuma yana bin bashin ɗan abin da ake ba shi.

Abin da nake so in gani shi ne dayosis maƙwabta su haɗa horar da katikis da masu bishara wuri guda, su yi amfani da makarantun da muke da su kamar ta Wusasa, maimakon kowa ya buɗe tasa mai ɗalibai goma. Kowace babbar majami'ar birni ta ɗauki wasu na ƙauye a rubuce, ta riƙa tura firist da kuɗin mai a kan jadawalin da kowa ya sani, su kuma na ƙauyen su samu kujera a kwamitin da ke tsara abin. Albashin masu bishara na yanki ya fito daga asusu ɗaya, don kada na ƙauyen da aka tasa ya kwana da yunwa saboda baikonsa ya ragu. Sannan kafin a sake yanka sabon dayosis, a fara lissafa masu bishara nawa kuɗin gidan bishop da motarsa za su iya riƙewa na shekara, a karanta lissafin a gaban taron da zai kaɗa ƙuri'a.